Windows da SteamOS: Tarihin Gasar Manhajoji a Kwamfutocin Wasa na Hannu

Kwamfutar wasa ta hannu na'ura ce da ake riƙewa da hannu biyu, allo a tsakiya, maɓallai da sandunan sarrafawa dama da hagu, amma cikinta cikakkiyar kwamfuta ce mai ɗaukar wasannin da aka rubuta domin kwamfutar tebur. Nan ta bambanta da na'urorin Nintendo da Sony, inda kamfani ɗaya ke ƙera na'urar, ya rubuta babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ya kuma tantance wasan da zai shiga. A kwamfutar hannu mai ita yana da ikon goge babbar manhaja ya ɗora wata. Daga wannan 'yanci ne tambayar ta taso: a na'ura ɗaya, da batir ɗaya, wace manhaja ce ta fi tafiyar da wasa? Manyan masu takarar biyu ne, Windows ta kamfanin Microsoft da SteamOS ta kamfanin Valve wadda aka gina a kan Linux, kuma amsar da aka samu a 2015 ba ita aka samu a 2025 ba.

Tun kafin wannan tambaya ta zo, kasuwar na'urorin hannu ta riga ta nuna abin da ya fi damun mai saye. Nintendo ya fitar da Game Boy a 1989, ƙarƙashin jagorancin injiniyansa Gunpei Yokoi, da allo marar launi da batir huɗu da ke kai mutum kwanaki yana wasa. Atari Lynx ta 1989 da Game Gear ta Sega ta 1990 sun zo da allo mai launi, sun fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma suna shanye batir shida cikin 'yan awoyi. Game Boy ce ta kwashe kasuwa. A waɗannan na'urori babu wata babbar manhaja ta a zo a gani, domin kaset ɗin wasan shi ne komai, da an zura shi sai ya karɓi ragamar na'urar gaba ɗaya.

Buɗaɗɗun na'urori sun fara ɓullowa daga ƙananan kamfanoni. GP2X ta Koriya ta Kudu ta fito a 2005 tana aiki da Linux, Pandora ta biyo baya a 2010, sannan Nvidia ya gwada Android a kan Shield a 2013. Duk suna amfani da ƙwaƙwalwa irin ta wayar hannu, saboda haka wasannin kwamfutar tebur ba sa hawa kansu, masu su sun fi amfani da su wajen kwaikwayon tsofaffin na'urorin wasa. Sai a 2016 kamfanin GPD na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fitar da GPD Win, 'yar ƙaramar kwamfuta mai allon inci 5.5, da ƙwaƙwalwar Intel Atom, da madannai ƙanana, tana aiki da Windows 10. Ba zaɓi aka yi ba a lokacin, dole ce. Tun 1995 Microsoft yake da DirectX, hanyar da wasa ke bi ya yi magana da sashen zana hoto na kwamfuta, kuma kusan duk babban wasa da ita aka rubuta shi. Wanda ke son wasannin kwamfuta, Windows zai ɗora. Nintendo Switch ta 2017 ta nuna cewa mutane na son manyan wasanni a hannunsu, kamfanoni irin su Ayaneo suka shigo, amma na'urorinsu na da tsada, kuma duk a kan Windows suke.

Labarin ɗaya ɓangaren ya faro ne daga tsoro. Valve, kamfanin da ke birnin Bellevue a jihar Washington ta Amurka, shi ke da Steam, kantin wasannin kwamfuta mafi girma a intanet, wanda ya buɗe a 2003. Da Microsoft ya shirya fitar da Windows 8 a 2012 tare da nasa kantin manhajoji, shugaban Valve, Gabe Newell, wanda shi kansa tsohon ma'aikacin Microsoft ne, ya fito fili ya kira tsarin bala'i ga harkar kwamfuta. Fargabarsa ita ce wata rana a rufe ƙofa, a ce duk ciniki sai ta kantin Microsoft. Don haka Valve ya nemi mafita. Ya fitar da Steam ta Linux a farkon 2013, ya saki SteamOS ta farko a ƙarshen shekarar a kan tushen Debian, wani nau'in Linux, sannan a Nuwamban 2015 kamfanoni irin su Alienware suka fara sayar da Steam Machine, kwamfutocin falo da ake jona wa talabijin.

Abin bai yi armashi ba. Dabarar ita ce a roƙi masu yin wasanni su sake rubuta su domin Linux, kaɗan ne suka amsa, waɗanda suka amsa kuma sau da yawa aikin bai kai na asali inganci ba. A watan da na'urorin suka fito, mujallar fasaha ta Ars Technica ta gwada Windows 10 da SteamOS a kwamfuta ɗaya, ta tarar SteamOS na baya ƙwarai, a wasu gwaje-gwajen ma ta rasa fiye da rabin saurin. Kasuwa ta ƙi, kuma zuwa 2018 Valve ya janye Steam Machine daga gaban shafin kantinsa. Mutane da yawa sun ɗauka an rufe babin ke nan.

Amma a ƙarƙashin ƙasa wani aiki na tafiya, kuma shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Tun 1993 akwai wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Wine, wadda Alexandre Julliard ya daɗe yana jagoranta, aikinta ta sa manhajojin Windows su yi aiki a kan Linux. Ba ta gina kwamfutar bogi a cikin kwamfuta. Aikinta irin na tafinta ne a fada: wasa ya yi magana da harshen Windows, ita ta mayar wa Linux nan take, ta kuma dawo da amsa. Shekara 15 ta ɗauka kafin ta kai fitowa ta 1.0 a 2008, kuma inda ta fi rauni shi ne zanen hoto mai nauyi. A 2016 ƙungiyar Khronos ta fitar da Vulkan, sabuwar hanyar magana da sashen zane wadda ba mallakin kamfani ɗaya ba ce, kuma tana ba mai rubutu iko kusa da ƙarfen kansa. Wani Bajamushe mai suna Philip Rebohle ya fara rubuta DXVK, wadda ke juya umarnin DirectX 11 zuwa Vulkan, saurinta ya ba mutane mamaki, Valve ya ɗauki nauyin aikinsa. A Agustan 2018 Valve, tare da kamfanin CodeWeavers, ya haɗa Wine da DXVK da wasu gyare-gyare ya sa wa haɗin suna Proton, ya dasa shi cikin Steam. Daga baya aka ƙara VKD3D-Proton domin DirectX 12. Daga ranar da Proton ta fito, Valve ya daina jiran kowa ya sake rubuta wasansa. Ainihin wasan Windows ake saukewa, a danna shi, ya tashi a kan Linux.

Valve bai tsaya nan ba. Ya zuba kuɗi a kan buɗaɗɗen direba, manhajar da ke sarrafa sashen zane na kamfanin AMD a kan Linux, wato RADV da ke cikin Mesa, kuma a 2019 ya gabatar da ACO, wadda ke harhaɗa ƙananan shirye-shiryen zane da wasa ke aika wa sashen hoto. Wannan shawara ce mai nisan hange, domin ta ba Valve abin da babu mai ƙera kwamfutar Windows da ke da shi: ikon gyara direba da hannunsa a ranar da matsala ta ɓullo.

Valve ya sanar da Steam Deck, kwamfutarsa ta wasa ta hannu, a Yulin 2021, ta fara isa hannun masu saye a ƙarshen Fabrairun 2022, farashinta daga dala 399. Ta zo da allon inci 7 mai ɗigo 1280 sau 800, ma'ajiyar aiki ta gigabait 16, da ƙwaƙwalwar AMD da aka ƙera mata musamman, wadda ke shan wuta daga wat 4 zuwa 15. SteamOS 3 da ta zo da ita sabon gini ne a kan Arch Linux. An kulle tushen manhajar don kada a ɓata shi da kuskure, sabuntawa na sauka a ɓangare na biyu na ma'ajiya ta yadda idan ta lalace a koma ta farko, kuma akwai cikakken teburin kwamfuta na KDE Plasma ga mai bukata. Watannin farko ba su rasa ƙorafi ba, fanka na ƙara, wasu wasanni na faɗuwa, sabuntawa kusan kullum. Amma siffar abin ta fito tun ranar farko. Ana kunna ta sai jerin wasanni ya bayyana, komai da babban yatsa ake yinsa. A tsakiyar wasa a danna maɓallin wuta, na'urar ta yi barci, a saka ta jaka, bayan awoyi a sake dannawa, cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum ya samu kansa daidai inda ya tsaya.

A nan ya kamata a fahimci abin da ake aunawa idan ana gwada manhajoji a irin wannan na'ura. Ma'auni na farko shi ne yawan hotunan da ake zanawa a daƙiƙa ɗaya. Hotuna 30 na nufin kowane hoto na ɗaukar kimanin kashi 33 cikin 1000 na daƙiƙa, 60 kuma kimanin kashi 17. Amma matsakaicin adadi na iya ruɗar mutum, domin wasan da ke ba da 50 yana cijewa lokaci-lokaci ya fi wanda ke tsaye daram a 40 gajiyar da ido. Shi ya sa masu gwaji ke duba mafi munin kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan, wanda shi ne ma'auni na biyu. Ma'auni na uku shi ne wuta, kuma shi ne ya raba kwamfutar hannu da ta tebur. Batirin Steam Deck ta farko na ɗaukar wat-awa 40. Idan na'urar gaba ɗaya na jan wat 25, bai wuce awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci ba ya ƙare, idan tana jan 8 zai kai awa 5. A kwamfutar tebur mai shan ɗaruruwan wat, aikin da babbar manhaja ke yi a bayan fage ba ya ko motsa ma'auni. A na'urar da duk rabonta wat 15 ne, kowane wat da ya tafi wajen binciken ƙwayoyin cuta ko neman sabuntawa daga bakin wasa aka cire shi.

SteamOS ta ɗauki wannan lissafi da muhimmanci. Wani sashe nata mai suna Gamescope na tsaye tsakanin wasa da allo, kuma ta hanyarsa mai wasa na iya danna maɓalli ɗaya ya rage wat ɗin da aka ba ƙwaƙwalwa, ya ƙayyade yawan hotuna, ko ya sa a zana hoto ƙarami a faɗaɗa shi. A Mayun 2022 aka ƙara damar sauke bugun allo zuwa sau 40 a daƙiƙa. Adadin ya fi kusa da 30 a ido, amma ta fuskar lokaci kashi 25 cikin 1000 ne, tsakiyar 30 da 60 cif, don haka motsi na yin laushi ba tare da an ƙona batir ba. Akwai kuma batun harhaɗa shirye-shiryen zane, wanda shi ke jawo yawancin cijewar da ake gani a sabbin wasannin kwamfuta idan aka shiga sabon wuri. Da yake duk Steam Deck iri ɗaya ce, Valve na harhaɗa su tun da wuri ya aiko tare da wasan. Elden Ring, wanda ya fito rana ɗaya da na'urar, ya zo da matsalar cijewa a kan Windows, injiniyoyin Valve suka rage ta daga cikin Proton ba tare da sun taɓa wasan ba. Wannan ne karo na farko da jama'a da yawa suka ga cewa matakin da ake zaton nauyi zai ƙara na iya zama wurin gyara.

Kamfanonin kwamfuta ba su zauna kallo ba. Asus na Taiwan ya fitar da ROG Ally a Yunin 2023, da ƙwaƙwalwar Ryzen Z1 Extreme, da allo mai bugu 120 a daƙiƙa, da Windows 11. Lenovo ya biyo da Legion Go mai allon inci 8.8 a ƙarshen shekarar, MSI ya zo da Claw mai ƙwaƙwalwar Intel a 2024. Idan an ba su wat 25 ko 30 sun fi Steam Deck ƙarfi ƙarara, amma idan aka sauko ƙasa da wat 15 tazarar na raguwa sosai, wani lokaci ta juya. Ƙorafin masu sharhi kusan iri ɗaya ne. Windows an gina ta ne domin linzami da madannai, don haka mai na'urar na fama da ƙananan akwatuna da yatsa, madannan allo na ƙin fitowa lokacin da ake bukatarsu, sanarwa na faɗowa a tsakiyar wasa. Barcin na'urar ma ba abin dogaro ba ne, a saka ta jaka a ɗauko ta da zafi, batir ya tafi. Kowane kamfani ya ɗora tasa manhajar a sama, Armoury Crate a wajen Asus, Legion Space a wajen Lenovo, don rufe giɓin, amma ba su da iko da abin da ke ƙasa. Maganin da Asus ya kawo a ROG Ally X ta 2024 shi ne ninka batir zuwa wat-awa 80.

Duk da haka gwajin wannan zamani bai zama na adalci ba, domin na'urorin sun bambanta. Valve ya saki direbobin Windows na Steam Deck a Maris na 2022, da farko ma babu na sauti, sakamakon gwaji kuma ya fito gauraye. A ɗaya gefen, masu sha'awa sun gina nasu manhajojin masu kama da SteamOS, irin su ChimeraOS da Bazzite wadda ke kan tushen Fedora, suna ɗora su a kan Ally da Legion Go. Waɗannan ayyukan sa kai sun cancanci yabo, domin su suka fara nuna cewa ribar ba ta Steam Deck kaɗai ba ce.

Gwaji na gaskiya ya samu a 2025. Lenovo ya fitar da Legion Go S iri biyu, fara mai Windows a farkon shekara, da mai duhun launi mai SteamOS a watan Mayu, wadda ita ce na'ura ta farko ba ta Valve ba da ta zo da manhajar a hukumance. Jiki ɗaya, allo ɗaya, batir ɗaya. Masu sharhi da dama suka tarar SteamOS ta fi yawan hotuna, ta kuma fi daɗewa a kan batir, musamman a ƙananan wasanni marasa nauyi inda wutar bayan fage ke zama babban kaso na abin da ake sha. Ars Technica, wadda ta yanke wa SteamOS hukunci a 2015, ta gwada manyan wasanni biyar a watan Yuni, ciki har da Cyberpunk 2077 da Returnal, SteamOS ta yi gaba a huɗu. Wani abu da gwajin ya fallasa ya fi sakamakon kansa muhimmanci: direban da Lenovo ya bayar domin Windows tsoho ne, kuma da aka ɗora sabo na Asus sai tazarar ta ragu, ko da yake ba ta ɓace ba. Ke nan wani kaso na rashin nasarar Windows bai fito daga Windows kanta ba, ya fito ne daga rarrabuwar alhaki. AMD na rubuta direba, mai ƙera na'ura na jinkirin tantance shi, Microsoft na kula da manhajar da dole ta yi wa ofis da makaranta da asibiti aiki. A ɓangaren SteamOS kuwa hannu ɗaya ne ke riƙe da direba, da Proton, da Gamescope, da kantin, kuma manufarsa ɗaya.

Inda Windows ta riƙe wuta shi ne yawan abin da ke hawa kanta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manyan wasannin gasa na intanet na amfani da manhajojin hana maguɗi da ke shiga har zuciyar babbar manhaja. A Satumban 2021 Easy Anti-Cheat da BattlEye sun sanar da goyon bayan Proton, amma sai mai wasan ya yarda ya kunna. Da yawa sun ƙi, bisa hujjar cewa a buɗaɗɗiyar manhaja mai maguɗi na iya sauya zuciyar kanta ya ɓoye. Fortnite, da Valorant, da Destiny 2, da sabbin Call of Duty ba sa aiki a SteamOS. Wasu ma da suke aiki an janye su: GTA Online a Satumban 2024, Apex Legends a wata mai bi masa. Ga wanda wasansa ɗaya ne a duniya kuma yana cikin waɗannan, ƙarin hotuna 10 a daƙiƙa ba su da wani amfani. Haka nan wasannin Game Pass na Microsoft ba sa sauka a SteamOS sai dai a yi su ta intanet kai tsaye, wasannin kantunan Epic da GOG kuma sai an bi ta ƙarin manhajoji irin su Heroic. Valve na tantance wasanni yana raba su aji huɗu, daga wanda aka tabbatar yana tafiya daidai zuwa wanda ba a gwada ba tukuna, amma alamar ba ta hana sabuntawar mai wasa ta karya abin da ke aiki jiya. Goyon bayan SteamOS ya kuma fi karkata ga ƙwaƙwalwar AMD.

Microsoft ya mayar da martani tare da Asus. An sanar da ROG Xbox Ally da ROG Xbox Ally X a Yunin 2025, suka fito a 16 ga Oktoba, da sabon yanayin Windows 11 da ke buɗewa kai tsaye cikin fuskar Xbox mai cika allo, ba tare da loda teburin kwamfuta da wasu ayyukan bayan fage ba. Kamfanin ya ce hakan na sakar wa wasa kimanin gigabait 2 na ma'ajiyar aiki, ya kuma fara aiko da harhaɗaɗɗun shirye-shiryen zane tun kafin a buɗe wasa, dabarar da Valve ya riga shi yi. Masu sharhi sun yaba da ci gaban, amma sun ci gaba da kokawa kan barci da farkawa, kuma ba a jima ba masu Bazzite suka ɗora ta a kan sabuwar na'urar don a sake gwaji. A ƙidayar da Steam ke yi wa masu amfani da ita kowane wata, kason Linux, wanda ke kusa da kashi 1 cikin ɗari kafin Steam Deck, ya haura na macOS a 2023, ya kai kashi 3 a Oktoban 2025, yayin da Windows ke riƙe da sama da kashi 90. A Nuwamban 2025 Valve ya sanar da sabuwar Steam Machine, kwamfutar falo mai aiki da SteamOS 3, wadda ta dogara da Proton maimakon jiran a sake rubuta wasanni domin Linux.